Furen yini a Kumasi: ganye ya yi kyau, fure ya ƙi fitowa, gindi kuma yana ruɓewa

Uwar Tagwaye, Aboabo

Assalamu alaikum masu lambu. Ina neman shawara a kan furen yini, wanda masu sayar da shuke-shuke a bakin titi suke ce wa delili. Gindi takwas ne, an dasa su a watan Afirilun bara. Biyar suna ƙasa a jikin katangar gabas ta tsakar gida, saboda haka rana ba ta sauka a kansu sai wajen ƙarfe 11, daga nan kuma tana dukansu har yamma. Ukun suna cikin baƙaƙen bokitan roba. Ƙasar baƙar ƙasa ce ta buhu, an cakuɗa ta da kashin kaji daga gidan gona.

Ga abin da ya dame ni. Na ƙasan sun yi ganye kore shar, amma a wata goma sha huɗu gindi ɗaya ne kawai ya fitar da fure, shi ma sau ɗaya. Tun da ruwan Yuni ya kankama, gindi biyu suka yi rawaya daga tsakiya, da aka ja ganyen sai ya tsinko da sauƙi, ƙasansa ya yi laushi yana wari. A kan sauran kuma akwai ɗigo-ɗigon rawaya. Biyu daga cikin na bokiti tsaraba ce daga Turai, takardarsu an rubuta Stella de Oro, su kuma kullum ƙanƙancewa suke yi, ganyen ya koma kamar ciyawa.

Shin furen nan ba ya yi a Kumasi ne, ko dashen ne aka yi ba daidai ba? In akwai gyara, a yaushe zan tono su?

Baba Mai Lambu, Asawase

Wa alaikumus salam, 'yata. Yana yi a Kumasi, amma ba kowane iri ba, kuma ba a kowace ƙasa ba.

Kafin komai ki tabbatar abin da ke hannunki furen yini ne. A wajen masu sayarwa duk abin da ke da dogon ganye lili ne. Ki tona gefen gindi ɗaya ki duba. In kin ga albasa dunƙulalliya, to albasar kwaɗi ce ko jan furen nan mai fitowa da hunturu, kuma kulawarsu daban take. Furen yini ba shi da albasa sam. Saiwoyi gare shi masu kauri, launin ƙasa-ƙasa, wasu sun kumbura kamar ƙananan dankali, ganyen kuma yana fitowa biyu-biyu yana buɗewa kamar mafici. Masana suna kiransa Hemerocallis, daga kalmomin Girkanci biyu, yini da kyau, don kowane fure da safe yake buɗewa, kafin wayewar gari ta gaba ya yanƙwane. Abin da ya sa ake ganin kamar yana daɗewa shi ne kara ɗaya yana ɗauke da ƙullin fure goma, ashirin ko fiye, suna buɗewa bi da bi har sati uku ko huɗu.

To ga batun iri, kuma nan ne rabin matsalarki take. Asalin shukar nan daga Sin, Koriya da Japan ne, kuma irin da aka yi wa rajista a duniya yau sun haura 80,000. Masu kiwonsa sun kasa su uku. Akwai mai barci, wanda ganyensa ke mutuwa ƙurmus da sanyin hunturun ƙasashen Turai, ya huta, sannan ya farfaɗo da ƙarfi. Akwai mai kore duk shekara, wanda ba ya neman wannan hutun. Akwai kuma na tsakani. Kumasi ba ta da sanyin da zai sa mai barci ya yi barci. Ko a tsakiyar Janairu da hazo ya rufe gari, darenmu bai kusanci sanyin da yake nema ba, tsawon yini kuma kusan awa 12 ne daga farkon shekara har ƙarshenta. Sai shukar ta zama kamar mutumin da aka hana runtsawa: tana cin abincin da ta tara a saiwa, mafici yana raguwa, ganye yana siranta, shekara biyu ko uku ta ƙare. Stella de Oro, wanda aka fitar a Amurka a 1975, mai barci ne. Ƙanƙancewar da kike gani ke nan, ba rashin taki ba ne, kuma ƙarin taki ba zai gyara ba. Ko a Amurkan, mutanen kudancin Fulorida mai zafi irin namu, mai kore duk shekara suke shukawa.

Shawarata, kada ki ɓata ƙarfinki a kan waɗannan biyun. In za ki ƙara iri, ki sayi wanda kika gani da idonki ya shekara biyu ko uku a ƙasar nan yana fure, ko a lambun wani, ko wajen mai reno da zai nuna miki uwar gungun da ya tsago. Masu ruwan goro da masu rawaya marasa ado su ne suka fi jure mana. Masu ja mai duhu da shunayya, ko sun yi, ranar azahar tana ƙona musu baki kafin ki gama kallonsu.

Na ƙasan da suka yi ganye ba fure, abu uku nake zargi, kuma ina jin duk ukun sun taru. Na farko kashin kaji. Naitirojin ya yi masa yawa, shuka kuwa in ta ƙoshi da shi sai ta yi ta ganye ta manta da fure. Na biyu zurfin dashe. Wurin da ganye ya haɗu da saiwa, farin wuyan nan, bai kamata ƙasa ta rufe shi fiye da santimita 2 zuwa 3 ba, wato kaurin yatsu biyu. Mutanenmu sun saba da binne rogo da ayaba, sai su tura shi ciki har rabin ganye. Wuyan da aka binne ba ya fure, in ruwa ya zo kuma shi ne farkon ruɓewa. Na uku rana. Yana son awa shida, amma ta safe ce mai amfani a gare shi. Katangar gabas ta tare masa ta safe, ta bar shi da ta azahar da la'asar, bulo kuma yana mayar masa da zafi har dare. Jikin katangar yamma ya fi dacewa da shi: rana daga ƙarfe 7 zuwa 1, sannan inuwa.

Malam na Kwadaso

Baba ya gama magana a kan iri. Ni zan tsaya a kan ƙasa da ruwa, don ruɓewar nan ita ce mai gaggawa. Rashin fure zai iya jira, ruɓa ba ta jira.

Kumasi tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa daga Afirilu zuwa Yuli, sai ƙaramar damina daga Satumba zuwa Nuwamba. Abin da aka saba yi a gidajen zango shi ne a haƙa rami a jar ƙasa mai yumɓu, wadda ƙafa ta daddanne shekara da shekaru, a cika shi da baƙar ƙasa mai laushi. Wannan ramin ya zama kwano. Ruwa ya shiga ba ya fita, saiwa ta kwana uku a jiƙe cikin zafi, ƙwayoyin cuta su shiga ta wuya. Warin da kika ji alamar ruɓar bakteriya ce. In kuma kin ga farin zare kamar auduga a gindin, da ƙananan ƙwayoyi launin ƙasa kamar irin alayyahu, wannan naman gwari ne da ke zaune a cikin ƙasa, kuma yana daɗewa a wurin.

Ki gwada wurin da za ki koma tukuna. Ki haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika da ruwa, ya tsotse, ki sake cikawa. In cikawa ta biyu ta wuce awa huɗu zuwa shida ruwa na tsaye, kada ki dasa a ƙasa-ƙasa, ki ɗaga kunya. Gaskiya ma a Kumasi ni kunya nake ba kowa shawara ko gwajin ya yi kyau. Tsayinta santimita 20 zuwa 25 sama da daɓen gida, faɗi kamar mita ɗaya, a tokare gefe da bulo ko katako, a bar ƙofofin da ruwa zai zurare. Haɗin ƙasar: bokiti biyu na baƙar ƙasa, ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, ɗaya na takin da ya ruɓe sarai. Yashin gini mai laushi ba ya yi, in ya haɗu da yumɓu kankare yake zama. In kina samun ƙaiƙayin shinkafa da aka ƙona rabi, ki ƙara rabin bokiti, yana buɗe ƙasa sosai. Kashin kajin gidajen gonar nan yana zuwa haɗe da ɓawon katako, sai an tara shi wata biyu zuwa uku ana juyawa, har zafinsa da warin fitsarinsa su tafi, kafin ya kusanci saiwa.

Gindin da suka ruɓe ki tono su yau, kada ki jira. Ki wanke ƙasar da ke jikinsu, ki sa wuƙa ki yanke duk inda ya yi laushi har ki kai fari mai tauri. In babu farin da ya rage, ki ƙona shi, kada ya shiga juji na taki. In akwai, ki tsoma shi minti goma a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, ki ɗauraye, ki shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu ciwon ya bushe, sannan ki sa a tukunya shi kaɗai. Ƙasar ramin ki kwashe ta ki fitar, wuƙar da fartanyar ma ki wanke da ruwan bilic ɗin.

Sauran masu lafiya, lokacin tashinsu shi ne Agusta, da ruwa ya ɗan tsagaita kuma gari ya yi lumshi. Za su kama ƙasa da ruwan Satumba kafin hunturu. In ya wuce ki, sai ƙarshen Maris. Kada ki taɓa su a Fabrairu, zafin ya yi yawa, kada kuma a tsakiyar Yuni.

Yadda ake dasawa: ki rage ganye ya saura santimita 15 zuwa 20. Ki haƙa rami mai faɗin santimita 30, ki tara ɗan tudu a tsakiyarsa kamar tsibin doya ƙarami, ki ɗora wuyan a kan tudun, saiwoyi su sauka ta ko'ina kamar ƙafafun gizo-gizo. Ki mayar da ƙasa ki danna da hannu, ki ba shi ruwa sosai. Bayan kwana biyu ki dawo ki duba, don sabuwar ƙasa tana zama, wuyan ya nutse ba ki sani ba. In ya nutse ki ɗago shi. Tsakanin gindi da gindi santimita 45 zuwa 60.

A nan zan ɗan saɓa wa Baba, Allah ya huci zuciyarsa. Katangar yamma tana da kyau, amma in akwai mangwaro ko rufin kwano da zai rage ranar ta koma ƙasa da awa biyar, gara ki bar su a rana mai zafi ki rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa. Rana in ta yi yawa launin furen kawai take kashewa, inuwa kuwa furen gaba ɗaya take hanawa.

In kina son sanin tsamin ƙasar, Cibiyar Binciken Ƙasa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, tana nan Kwadaso, suna gwaji. Shukar tana son ma'aunin tsami tsakanin 6 da 6.5, amma don gindi takwas ba lallai ba ne.

Uwar Tagwaye, Aboabo

Baba, Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na tona na duba, saiwa ce mai kumburi, ba albasa ba, wuyan kuma ya nutse kusan tsawon yatsa. Katangar yamma babu bishiya, can zan ɗaga kunyar. Saura ɗigon rawayan nan, da kuma taki: in na daina kashin kaji, me zan ba su, nawa, kuma ruwa fa da rani?

Anti Mai Fulawa, Tafo

'Yar'uwa, ɗigon nan ki gwada shi da farin ƙyalle. Ki juya ganyen ki goga bayansa. In ƙyallen ya ɗauko gari mai ruwan goro kamar tsatsar ƙarfe, to tsatsar furen yini ce. In bai ɗauko komai ba, sai dai rawaya ta bi jijiyar tsakiyar ganye daga sama zuwa ƙasa da ɗigo ja-ja, wannan ciwon zane ne, mai sauƙi, cire ganyen da ya kamu da rage cunkoso sun ishe shi.

Tsatsar ita ce mai wahala, kuma ga inda take kama mu. Naman gwarin da ke kawo ta sai a kan ɗanyen ganye yake rayuwa. A ƙasashen sanyi hunturu yana kashe ganyen, cutar ta mutu tare da shi. Mu kuwa irin da ya dace da mu shi ne wanda ganyensa ba ya mutuwa, saboda haka in ta shiga lambu ba ta da ranar fita da kanta. Iska ce ke ɗaukar garin, tana kuma son ganye ya kwana a jiƙe, abin da raɓar Kumasi ke yi mata kyauta. Ba ta cika kashe shuka ba, amma tana tsotse ta har fure ya ragu.

In ita ce, ki yanke ganyen duka, na kowane gindi har wanda bai nuna ba, ki bar santimita 5 kawai. Ki zuba a leda ki ɗaure kafin ki ratsa tsakar gida da shi, ki ƙona. Da sabon ganye ya fara fitowa ki fesa mankozeb, yana nan a shagunan maganin gona na kasuwar Kejetia, ki bi awon da ke jikin ledar, ki maimaita duk kwana 7 zuwa 14 muddin ana ruwa. Mankozeb kariya yake yi a saman ganye, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, ruwan sama kuma yana wanke shi. Shi ya sa ake musanya shi da mai shiga jikin shuka irin azoksistorobin, wannan karon wannan, wancan karon wancan, don kada cutar ta saba da guda. Ki fi ba bayan ganye muhimmanci. Ki sa safar hannu, ki kori yara da kaji har ya bushe. In gindi ɗaya ya nace da kamuwa alhali na kusa da shi lafiya lau, irinsa ne mai rauni, ki tumɓuke shi ki huta. Tunda za ki tashe su a Agusta, ki haɗa yankan da tashin, aiki ɗaya.

Taki kaɗan yake so. NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo biyu ga kowane gindi, wato giram 10 zuwa 12, a zagaye shi nesa da wuya da kamar tafin hannu, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. Sau biyu a shekara: farkon ruwan Maris ko Afirilu, da farkon Satumba. Sabon dashe kada ki ba shi komai sai bayan sati huɗu zuwa shida. Yuriya da salfa ki bar wa masara. Tunda ƙasarki ta sha kashin kaji, bana ma sau ɗaya ya isa.

Ruwa da rani: jarkar nan rawaya da muke ce wa galan Kufuor, ɗaya ga kowace murabba'in mita a sati, a raba ta biyu, da sassafe, a gindi ba a kan ganye ba. Da kin ga karan fure ya leƙo kada ki bari ƙasa ta bushe, don ƙishi a wannan lokacin shi ke sa ƙulli ya zube bai buɗe ba. Ruwan wanki da na wanka kada su je wurin, gishirin omo yana ƙona bakin ganye. Ciyawar rufe ƙasa kaurin santimita 5, amma ki bar fili kamar yatsu uku zagaye da wuya. Garin katako ɗanye daga wajen kafintoci bai dace ba, yana janye naitirojin daga ƙasa, yana kuma kiran gara.

Da hunturu ki sa ido kan jan gizo-gizon nan ƙanana da ido da ƙyar yake gani, ganye zai yi fari-fari kamar an yayyafa toka. Feshin ruwa mai ƙarfi a bayan ganye da safe sau biyu a sati yana rage su. Darɓa da ƙananan ƙwarin da ke shiga ƙulli su sa fure ya fito a murɗe da farin zane, ki daka 'ya'yan dogon yaro giram 50, ki jiƙa a lita ɗaya ta kwana, ki tace, ki narka ɗan alata samina, wato sabulun salo, kamar ƙwayar gyaɗa a ciki, ki fesa da yamma. Dodon koɗi kuwa sai tsince da tocila da dare.

Ɗan Zango, Sawaba

Hajiya, ƙari kaɗan a kan na bokiti, don ba a taɓo su ba. Baƙar roba a ranar Fabrairu tana dafa saiwar da ke jikinta. Ki shafa mata farin fenti, ko ki sa ta cikin wata babba, ko ki koma tukunyar ƙasa. Faɗin baki kada ya gaza santimita 35 ga gindi ɗaya, huji biyar ko shida a ƙasa masu faɗin yatsa, a ɗora a kan bulo biyu don kada siminti ya toshe hujin. Na tukunya duk shekara biyu yake neman a tsaga shi, na ƙasa shekara uku zuwa huɗu, ko kuma duk sanda kika ga tsakiyar gungu ya yi sanƙo, fure ya koma gefe-gefe. In za ki tsaga, ki bar mafici biyu ko uku a kowane yanki. Mafici ɗaya tilo yana kamawa, amma zai iya cin shekara kafin ya yi fure. Wani lokaci za ki ga ɗan tsiro ya fito a jikin karan fure, ki yanko shi da ɗan karan sama da ƙasa ki kafa a yashi mai danshi, zai ba ki irin uwarsa sak. Na ƙwaya ba ya fitowa kamar uwa.

Furen da ya yanƙwane ki tsinke shi da safe don kada ya manne a kan ƙullin gobe, karan kuma in ya gama ki yanke shi daga ƙasa.

In akwai kyanwa a gidan ki yi hattara ƙwarai. Ganye, fure, har garin furen da zai manne mata a gashi ta lashe, duk suna lalata mata ƙoda, kuma cikin kwana biyu ko uku take iya mutuwa in ba a kai ta wajen likitan dabbobi da wuri ba. Awaki kuwa cinye shi suke yi har ƙasa, sai da shinge. Za ki ji ana cewa mutanen Sin suna busar da ƙullin suna miya da shi, gaskiya ne, amma nasu iri ne da suka sani kuma dafawa suke yi. Wanda aka fesa wa mankozeb, ko wanda ba ki tabbatar da irinsa ba, kada ya shiga tukunya.

Duk wanda zai sake kawo miki tsaraba daga waje, ya nemi mai kore duk shekara, ya kuma san shigo da shuka mai rai Ghana sai da izinin sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma. Sabon gindi, ko daga lambunan garin Aburi ya zo ko daga maƙwabta, ki ware shi a tukunya sati huɗu kina gwada shi da farin ƙyalle kafin ya shiga kunya.

Baba Mai Lambu, Asawase

Malam ya yi gaskiya a kan inuwa, na karɓa. Abu ɗaya zan ƙara, 'yata: bayan tashin Agusta kada ki sa rai da fure kafin damina mai zuwa, kuma kada rashin ganinsa ya sa ki sake tono su ko ki ƙara taki. Abin da za ki duba a Nuwamba shi ne yawan mafici. In kowane gindi ya ƙara ɗaya ko biyu, wurin ya karɓe su. In bai ƙara ba, ki sa yatsa ki auna zurfin wuyan tukuna kafin ki zargi wani abu.